Tsohon da Murar Makka Ta Tsallake

Da asuba muka tashi daga Kano, ana sallame salla motar filin jirgi ta tsaya a ƙofar masaukinmu. Tun da na dawo ake tambayata yadda murar bana ta yi da alhazai, don haka na ga gara in rubuta abin da idona ya gani, kowa ya karanta da kansa.

Wannan ce tafiyata ta biyu. Ta farko ina saurayi na yi ta a ƙasa, ta Barno da Wadai da Darfur, a yi tafiya a tsaya a yi ƙwadago a gonar auduga, har na dawo gida da gemu da Larabcin Sudan. Bana kuwa hamadar da ta cinye mini shekaru ta taga na leƙa ta, shimfiɗe kamar tsohuwar tabarma. Jirgin ya sauka shan mai a Lami da Kartum. Kafin tashi an yi mana lambar agana da allurar shawara. Ni da na tsufa a aikin yi wa shanu rigakafin bushiya, allura ba baƙuwata ba ce. Na dai lura yi wa mutum ya fi wuya, domin saniya da ƙafa kaɗai take gardama.

Cikin ayarinmu mutum biyu ne labarin nan ya shafa. Ɗaya direban babbar mota ne, Bakano, ƙaƙƙarfa, mai yawan ba'a, wanda tun daga filin jirgi ya mai da kansa ɗan dakon kowa. Ɗayan tsoho ne daga wani gari gabas da Kano, wanda ya yi zamaninsa yana kora shanu zuwa Ikko a ƙafa. Shekarunsa sun kai tamanin ko sun ɗara, amma ba ya dogara sanda. Kujerarsa na kusa da tawa, kuma ba mu wuce Lami ba ya gaya mini, kamar mai faɗin farashin gero, cewa shi ba zai dawo ba. Ya raba wa 'ya'yansa gona da shanu da gida a gaban limami. Ya bi gari gida-gida ya nemi gafara. Ya ce kada kowa ya wahalar da kansa zuwa taryarsa. Likkafaninsa na cikin jaka, yana so a wanke shi da zamzam a rufe shi a ƙasar Makka. Abin da kawai ya ɓata masa rai shi ne hukuma ta tilasta masa biyan kuɗin jirgi na zuwa da dawowa.

Wannan buri ba sabo ba ne a wurin tsofaffinmu. Na ga irinsa a wurin Jawawa da mutanen Buhara. Sai dai ban taɓa ganin wanda ya rufe ƙofar baya ya kuma ba da makulli kamar wannan ba.

Zafin Jidda irin na Ikko ne, mai ɗanko, amma babu ruwan sama da zai wanke shi. A zangon alhazai na fara jin tarin. Daga ɓangaren waɗanda suka sauka daga jiragen ruwan gabas yake tasowa, busasshe, kamar ana sassaƙa turmi. Wani ma'aikacin lafiya ya ce mini wata mura ce ta taso daga ƙasashen Asiya tana bin tashoshin jirgi.

Hanyar Makka yanzu kwalta ce. Inda dā muka kwana a kan raƙumi, bana tsakanin la'asar da magariba muka shafe shi, har da tsayawa shan shayi a Bahra, inda ake zama a kan dogayen gadajen igiya. Shayin a ɗan ƙaramin gilashi ake ba ka, da sukari kamar za a yi alewa. Kofin ruwan sanyi ya fi shi tsada.

Makka na same ta ana rushe-rushe. Ana faɗaɗa Masallacin Harami, an kwashe kantunan da dā suka matse hanyar Safa da Marwa, inda na taɓa yin sa'ayi ina kaucewa jakuna da masu sayar da tasbaha. Masaukinmu yana Mansur, can gefen gari, unguwar mutanenmu, gidajen kwano da katako a gindin duwatsu. Mai masaukin a nan aka haife shi, kakansa ne ya zo daga Katsina. Hausarsa irin ta kakanninmu ce, an yi mata faci da Larabcin Hijaz. Ya tarye mu yana cewa, “Marhaba ya Hajj, ku shiga, bayti gidanku ne, moya na nan cikin randa.” Da safe wake ake ci da mai, wanda suke kira ful, da faffaɗar gurasa mai zafi. Da yamma kuwa ƙamshin tsire ne ke cika layin. Larabawa na zuwa saye har daga cikin gari, suna kiransa sire. Masu ɗauko ruwa a garwa biyu da sanda a kafaɗa, yawancinsu in ka yi musu sallama da Hausa za su amsa.

Kafin hawan Arfa murar ta shigo Mansur. Ba ta sallama. Mutum zai yi sallar asuba lafiya, kafin azahar kai na sara, gaɓoɓi kamar an daka, jiki kamar garwashi. Ni na ga marisuwa, babbar annobar murar nan ta ƙarshen yaƙin duniya na farko, a Sudan ta same ni, kuma ba na haɗa su. Waccan takan ɗauke mutum tsakanin safiya da yamma. Wannan kayarwa take yi, ta kayar da gida guda, amma yawanci su tashi. Illarta ita ce ta zo a tsakiyar bazarar Hijaz, kuma wanda ta raunana rana ke ƙarasawa.

Tsohon namu bai ɓoye farin cikinsa ba. A ganinsa saƙon da yake jira ne ya iso. Ya ɗauke shimfiɗarsa ya mayar ɗakin da aka tara marasa lafiya. Shi ke dama musu kunu, shi ke jiƙa tsumma ya ɗora a goshi, ragowar ruwan da suka sha shi yake shanyewa. Direban yakan tsaya a bakin ƙofa ya ce, “Baba, har yanzu? Ko dai ba ta da adireshinka ne?”

“Tana tafe, ɗan nan. Manya ba a yi musu gaggawa.”

“To in ta zo, butar nan taka ta tagulla ni na riga kowa.”

“Ka ɗauka tun yanzu, ka ga ka rage mini kaya.”

Ranar Arfa an yi rana irin wadda ban ga kamarta ba ko a Agadas. Cikin kowace laima rabin mutane a kwance suke suna addu'a, talbiyya na fita tare da tari. Ni ma a nan ta taɓa ni, amma da sauƙi. Bayan faɗuwar rana motoci suka kwashe mu zuwa Muzdalifa, suna tafiya kamar tururuwa, mai ƙafa na wuce mai mota. Muka tsinci tsakuwa, gari na wayewa muka nufi Minna. Tsohon a ƙafa ya yi wannan zangon, ya kuma riga mu isa.

A Minna ta kama direban. An ce ya kwanta a yi masa jifa, ya ƙi, ya ce bai zo daga Kano don a wakilce shi ba. Ya fita cikin tsakar rana, ya dawo goye da wata tsohuwa Bazabarma da ta faɗi a hanya. Washegari numfashinsa ya koma kamar zuga-zugi. Muka kai shi wata laimar magani ta mutanen Fakistan, inda muka sami likita mai matsakaicin shekaru, idanunsa ja don rashin barci. Larabcinsa na karatu ne, ba na magana ba, don haka da ya ji na yi masa Turanci sai ya riƙe hannuna kamar ya ga ɗan'uwa. Ya ce murar ta sauka a huhu. Ya yi masa allura, ya ce wannan don abin da ya biyo bayan murar ne, ita kanta ba shi da maganinta.

Bayan mun koma Makka direban ya cika, da hantsi, kansa a kan cinyar tsohon. Bai zo da likkafani ba, mai shekara talatin da 'yan kai ba ya tafiya da shi. Ana maganar a aika kasuwa, tsohon ya buɗe jakarsa ya miƙa nasa, wanda ya riga ya wanke da zamzam ya shanya. Aka yi masa salla a gaban Ka'aba tare da wasu gawawwaki, aka kai shi Ma'ala. Kaburburan can ba suna, ba alama, ɗan dutse kawai. A hanyar dawowa tsohon ya yi magana sau ɗaya. Ya ce, “Ni na yi shiri, shi aka kira.”

Kwanaki kaɗan bayan haka likitan ya aiko nemana. Yana so in yi masa tafinta a Mansur. A ɗan ɗakinsa, wanda rabinsa akwatin ƙanƙara ya cinye, ya bayyana mini abin da yake yi, kuma zan faɗa yadda na fahimta. Ya ce duk cutar da ta shiga jikin mutum ya tashi, takan bar shaida a jininsa, wasu abubuwa da ido ba ya gani, masu gane ta in ta dawo. Rigakafi dabara ce ta sa jiki ya yi wannan shaidar ba tare da ya sha wuyar cutar ba. Wannan na sani daga shanu. Abin da ban sani ba shi ne mura sauya kama take yi. Rigakafin da aka yi don ta bara bai san ta bana ba, sai an kamo sabuwar an raine ta, kuma a cikin ƙwan kaza mai ɗan tsako ake rainonta. Na yi dariya, na ce duk tafiye-tafiyena ban taɓa jin an ba kaza rainon cuta ba. Ya ce har jinin kazar ana amfani da shi wajen gwajin. Ya ce kuma aladu na yin irin tasu murar, dawaki ma haka, masana na zargin akwai zumunta tsakanin tamu da tasu, ba a dai gama ganewa ba. Shi aikinsa ya tara jini a 'yan kwalabe, na waɗanda suka yi ciwon, da na tsofaffin da ba su yi ba, da na dabbobin gari, ya aika inda ake da kayan aunawa.

Na dabbobin bai ba mu wuya ba. Masu jakunan ɗaukar ruwa da masu keken doki sun yarda da aka ce ba yanka za a yi ba, kuma hannuna bai manta jijiyar wuya ba. Mutane ne suka tsaya. A ƙofar masaukinmu tsofaffi suka zauna jere suna kallon akwatin likitan. Mutanen da ke ba wanzami bayansu ya tsaga ya kafa ƙaho ya zubar da jini cikin ƙasa, su ne suka ƙi ba da cikin cokali. Dalilinsu ba na wauta ba ne. Jinin ƙaho ana binne shi a gabanka, wannan kuwa za a sa shi a jirgi a kai ƙasar da ba ka sani ba. Mai masauki ya yi ta cewa, “Ya jama'a, daktur ne, Musulmi ne, ma fi mushkila, ba matsala,” ba wanda ya motsa.

Tsohon namu ne ya taso ya naɗe hannun riga. Ya ce da ni, “Malam, gaya masa ya ɗiba yadda yake so, ni na gama da shi. Amma ka tambayar mini shi abu ɗaya. Na kwana cikinsu, na sha ragowarsu, yaron nan a jikina ya cika. Me ya sa ta tsallake ni?”

Na juya wa likitan. Ya ɗaure masa dantse, ya tambaya ko ya yi marisuwa. Tsohon ya ce ya yi, a hanyar Ilori, har an fara raba shanunsa. Likitan ya ce da yawa waɗanda suka yi marisuwa bana sun kwanta, ni kaina mai yi musu tafinta shaida ne. Ya tambaya ko yana tuna wata mura tun yana yaro, kafin zuwan Turawa. Tsohon ya ce yana tuna shekarun da shanu suka ƙare a daji, kafin Basasar Kano. An yi wani tari a lokacin, har an kwantar da shi a ɗakin kakarsa. Amma wa ke kula da tarin yara alhali garke na mutuwa?

Likitan ya ce ba zai rantse ba, sai an auna. Amma ya lura a laimarsa cewa tsofaffi tuƙuf ba su cika zuwa da ita ba, kuma mai yiwuwa wata 'yar'uwar wannan murar ta taɓa zagayawa tun da daɗewa, jininsu bai manta ba. Na rasa yadda zan sa wannan a Hausa, sai na bi ta hanyar da na san zai gane. Na ce, “Baba, ka san saniyar da bushiya ta kama ta tashi?”

“Wadda ta sha? Ai ko garke ya ƙare tana tsaye. Mukan ƙara mata kuɗi.”

“To yana zaton kai ma ka sha, tun kana ɗakin kakarka.”

Ya dubi kwalbar da ke cika da jininsa. “Wato tun ban yi kaciya ba aka rufe mini wannan ƙofar, na zo ina ta ƙwanƙwasawa.”

Tsofaffin da ke zaune suka yi dariya, ɗaya ya taso ya miƙa nasa hannun, saura suka biyo. Likitan ya sa abin sauraronsa a ƙirjin tsohon, ya daɗe yana ji, sa'an nan ya ce in gaya masa rai na hannun Allah, amma shi bai ji abin da zai hana wannan ƙirji ƙara shekara goma ba. Na yi tunanin in rage maganar. Ban rage ba, tafinta ba shi da wannan iko.

Da la'asar mai masauki ya same shi a tsakar gida. Ya ce, “Ya ammi, baffana, ka zauna mana. Da yawa sun zauna. Ga mai tsiren bakin layi, tun zamanin Sharifai ya zo mutuwa, yanzu jikokinsa ke hura masa wuta. Abin da muka ci ka ci, halas.”

Tsohon ya dubi gidan, ɗaki biyu na kwano da 'ya'ya kamar tsaki. Ya ce, “Allah ya saka, ɗana. Mutuwa na zo yi a Makka, ban zo zama ba. Mamaci ba ya cin tuwon kowa. Mai shekara goma a gaba kuwa yana ci, kuma in zan ci na wani, gara in ci na waɗanda na haifa.”

Muka yi ziyarar Madina, inda dabino ya yi araha, tari kuma ya riga mu isa. Muka yi ɗawafin bankwana. Shi ya yi nasa a hankali, bai yi kuka ba. Sakamakon jinin ban ji shi ba har yau, likitan ya ce abin na ɗaukar watanni, kuma ba lalle ya dawo ta hannunsa ba.

A filin jirgin Kano kowa na da masu tarya, har da dangin direban, waɗanda waya ta riga ta kai musu labari, suka zo karɓar kayansa. Tsohon ya ja mahaifin gefe ya gaya masa yadda aka yi da inda aka sa shi. Shi kansa ba wanda ya zo dominsa, yadda ya umarta. Garinsu na kan hanyata, sai na raka shi. Muka sauka daga mota da yamma, yara suka gan shi suka watse da gudu, ɗaya na ihu wai Baba ya dawo. Babban ɗansa ya fito ba hula, ya durƙusa, murna da kunya sun haɗu a fuskarsa. An fasa bangon ɗakin tsohon an haɗe shi da na kusa, matar ɗan da 'ya'yanta ke ciki. Nan take aka fara fitar da kaya.

Ya ɗaga hannu. “Kada a taɓa ko tsinke. Abin da na bayar na bayar, a gaban liman na yi. A shimfiɗa mini tabarma a zaure. Baƙo ne ni, Alhaji daga Makka, a yi mini abin da ake yi wa baƙo.”

Na kwana a garin, da safe na wuce gida, na sami iyali lafiya, sai dai tarin ya fara shigowa unguwa.

Abin da na ƙaru da shi a wannan tafiya ba shi da yawa. Na ga jirgi ya gajarta hanya ga alhaji, ya kuma gajarta ta ga cuta. Na ga likitoci na bin sawun mura a jinin mutum da na doki da na jaki, kamar yadda muka bi na bushiya, sai dai tasu dabbar na sauya sawu. Shawarata ga masu niyyar baɗi, in an kawo rigakafin a karɓa, wanda kuma zazzaɓi ya kama a Minna ya kwanta a yi masa jifa, shari'a ta yarda. Ga tsofaffi kuwa, a tafi da likkafani, wannan daidai ne, amma a bar ɗaki guda ba a raba ba. Ƙasar da za ta rufe mutum ita ke kiransa, ba shi ke zaɓenta ba.

Wani mai zuwa cin kasuwa daga garinsu ya ce mini tsohon na nan a zauren. Murar ta shiga garin ta kwantar da gidan kaf, daga babban ɗan har jikoki, shi kaɗai ke tsaye yana dama musu kunu.